Ina Jakai da Rijiyoyi a Finafinanmu na Yaƙi?

A 'yan shekarun nan masu shirya finafinai sun waiwayi tarihi, kuma wannan abin a yaba musu ne. Bayan an daɗe ana soyayya a lambu da rikicin kishiyoyi a falo, sai ga shi an zaro takubba, an naɗa rawuna, ana kafa masarautu a gaban kyamara. Fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, ya fito a Netflix a 2021, aka yi ta muhawara a kan tufafin da aka sanya wa Zazzagawan ƙarni na 16 da harshen da aka sa a bakinsu. Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi ne fim ɗin da Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a ƙarshen 2024. Ƙananan finafinan sarauta da yaƙi kuwa, irin waɗanda samari ke karɓowa a waya daga shagunan masu turi, sun fi gaban ƙirga. Amma duk sanda aka tashi yi wa irin waɗannan ayyuka gyara, a kan naɗin rawani da ɗinkin alkyabba ake tsayawa. Ni kuwa idona ba ya zama a kan jarumin. Bayansa nake dubawa: dabbar da aka ɗaure, itacen da ya ba shi inuwa, gonar da dawaki suka ratsa, da ƙauyen da aka ce an ci da yaƙi.

Inda na tashi ne ya koya mini haka. Mu a nan Sule Tankarkar, da 'yan uwanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa, ƙasarmu jigawa ce, rairayi da ƙarangiya, babu wani kogi da ya ratsa ta. Damina wata uku ce zuwa huɗu. Tafkunan da ta cika sukan ƙafe tun hunturu bai gama tafiya ba, daga nan mutum da dabba duk a bakin rijiya suke haɗuwa. Wanda ya girma a irin wannan wuri, in ya ga rundunar mahaya ta keto fili a fim tana ta da ƙura, tambayar farko da za ta faɗo masa ita ce: a ina waɗannan dawaki suka sha ruwa da safe? Ban ga masu finafinanmu sun damu da amsa ta ba. A ganina wannan ya fi kuskuren rawani muni, domin shi ne yake mayar da yaƙi hawan sallah.

Ƙasar Gumel ta san yaƙi a jikinta. Masarautar Mangawa ce da ta kafu wajen 1750, tana kai gaisuwa Borno, kuma jihadin ƙarni na 19 bai shigar da ita ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Sai ta zauna a tsakiyar manyan maƙwabta uku, Kano da Haɗeja da Damagaram, kowannensu da irin tasa buƙatar. A 1845 aka taso da fada daga Tumbi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa Gumel ta yanzu. An yi shekaru ana gwabzawa da Haɗeja, har da zamanin Sarki Buhari wanda ya rasu a fagen fama a 1863. Damagaram kuma, tun zamanin Tanimu mai igwa har zuwa ƙarshen ƙarnin, ba ta fasa kawo hari tana kwasar mutane ba. Ba a sami sararawa ba sai bayan 1903, lokacin da Sarki Ahmadu ya karɓi Turawan Ingila.

Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da gari mai rai, da babbar kasuwar kanwa wadda fatake ke yi wa tsinke. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, bayan rasuwar Sarki Ɗan Tanoma da rikicin gado da ya biyo baya, sai ya tarar garin ya lalace. Sarauta ba ta je ko'ina ba, a kanta ma ake faɗan. Mutane ne suka watse, kasuwa ta mutu. Wannan ratar ta shekara uku da 'yan watanni tsakanin zuwan Barth na farko da na biyu, ita ce ainihin labarin yaƙi, kuma ita ce kyamara ba ta son haskawa.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na mutumin ƙauye. Mu ƙaddara wani sarki ya fito da doki dubu ɗaya. Dokin da ke aiki a zafin ƙasar nan yana shan abin da ya kai jarka guda ta ruwa a yini, ko ma fiye. Ke nan jarka dubu kullum, tun ba a zo kan mutane da sauran dabbobi ba, kuma daga rijiya mai zurfin da sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar wasaki ya yi ta zarya kafin a cika komi ɗaya. Dokin yaƙi kuma ba ya rayuwa da ciyawa kaɗai. Sai an ba shi dawa ko gero, da harawa, da ɗan jiƙon kanwa. In kowanne ya ci tiya ɗaya a yini, tiya dubu ke nan, wato buhu 25 a awon kasuwarmu ta yau. A mako guda buhu 175. Wa zai ɗauko wannan hatsi? In kuwa ba a ɗauko ba, rumbun wa za a fasa?

Amsar ita ce rundunar da ba mu taɓa gani a allo: jakai da mangaloli, takarkarai ɗauke da taiki, raƙuma da salkunan ruwa, bayi da barori masu yankan ciyawa, zagage, maƙera masu gyaran mashi da linzami, da garken da ake korawa a baya domin yanka. Su kuma mayaƙan, mafi yawansu a ƙasa suke. Dakaru da 'yan baka sun ninka mahaya sau da dama a rundunonin wancan zamani, kuma akasarinsu manoma ne da aka tara bayan an gama girbi, kowa da guzurinsa na gumba ko garin gero a burgami. A yaƙin Tabkin Kwatto ma na 1804, wanda kowane ɗan makaranta ya ji sunansa, jama'ar Shehu dawakinsu ba su wuce kamar ashirin ba. Baka da kibiya ne suka karya dawakin Gobir. Sarkin da ya fita yaƙi a ƙasar da babu kogi, hanyar rijiyoyi yake bi, ko ya so ko bai so ba. Kwana nawa zai iya kewaye gari kuwa, ruwa da hatsi ke yanke masa, ba jaruntakarsa ba. Shi ya sa yawancin abin da kakanninmu suka gani hari ne: a faɗo da asuba, a kwashi mutane da dabbobi, a cinna wa rumbuna wuta, a juya kafin ƙishirwa ta kama dawaki.

Dokin kansa ma ba a yi masa adalci. Wanda ake haya a kawo wurin ɗaukar fim yawanci dokin hawan sallah ne, ƙosasshe, mai sheƙi, wanda aka lulluɓe da kayan ado masu walƙiya irin na kanti. Shi kuwa dokin da ya yi kwana goma a hanya da bazara, haƙarƙarinsa a waje yake, bayansa da mikin sirdi. Lifidi kaya ne mai nauyi da zafi, masu shi 'yan kaɗan ne, kuma ba a yini ana tafiya da shi a jiki; sai an kusa haɗuwa ake ɗaura shi. Sannan doki dukiya ce ta masu mulki, wadda talaka ba ya ko mafarkinta. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labari tun ƙarni na 16 cewa Sarkin Borno yakan ba da bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya daga fataken arewacin Sahara. A tsaya a dubi wannan ciniki da kyau. Ana kama mutane a sayi dawaki, a hau dawakin a ƙara kamo mutane. Duk ingarman da ya yi haniniya a ƙofar fada, akwai gidajen da aka rufe kafin a mallake shi. Fim ɗin da ya ba kowane ɗan wasa doki, kamar yadda ake rabon babura lokacin siyasa, ya shafe wannan gaskiya gaba ɗaya.

Wani abin takaici kuma shi ne harshe. Hausa tana da sunan doki gwargwadon launinsa: akawal, kili, bidi, danda, hurde, gunya. Tana da ƙuru da dukushi da goɗiya. Tana da Shamaki mai kula da barga. Amma sai ka ji jarumi a fim ya ce a kawo masa “baƙin dokina”, kamar mai aika yaro ya ɗauko masa takalmi.

Akwai wata shekara guda da duk mai son yin fim a kan ƙarshen ƙarni na 19 ya kamata ya sani, domin ta raba tarihin karkararmu gida biyu. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, a Eritiriya ta yau, don ciyar da rundunarsu. Tare da shanun suka shigo da cutar bushiya. Cikin 'yan shekaru ta ratsa nahiyar, ta iso ƙasashenmu wajen 1890 zuwa 1891, ta kashe abin da aka ƙiyasta ya kai tara cikin goma na shanu a wurare da dama. Fulani suka sa wa annobar suna Sannu, an ce saboda babu abin da ya rage tsakanin makiyaya sai yi wa juna jaje. To, yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, da cin Borno da Rabe ya yi a 1893, da hare-haren Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a kan ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, duk an yi su ne a cikin ƙasar da shanunta suka ƙare. Nono ya yi wuya, takarkarin da ke dakon kanwa ya faɗi, taki ya ragu a gona, Bafillatanin da jiya yake da garke ya wayi gari da sanda kawai. Jaki da akuya, waɗanda cutar ba ta yi wa irin wannan ɓarna ba, su suka riƙe gidaje. Wanda ya shirya fim a kan waɗannan shekaru ya cika shi da garken bunaji ƙosassu, ya yi wa tarihi ƙarya mai girma ko da kowane rawani ya naɗu daidai. Dattawanmu da suka ga dawowar bushiya a 1983 suna nan da ransu, za su iya kwatanta masa yadda ruga take in cutar ta shiga. Sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma da su ake gane wanda ya san ƙauye. Darbejiya, wadda wasunmu ke kira maina, ita ce ta fi kowane itace yawa a garuruwanmu yau, har yaro zai ɗauka tun fil'azal tana nan. Alhali baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, kuma wajen 1928 Turawa suka fara dasa ta a Borno. Sarkin ƙarni na 18 da aka zaunar yana shari'a a inuwarta, daidai yake da wanda aka ɗaura wa agogo a hannu. Haka itacen turare da aka jera a shingayen kare hamada. Itatuwan kakanninmu su ne kuka da gawo da tsamiya da kanya da aduwa da kurna da magarya. Garmar shanu ma ta zamanin Turawa ce, daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara yaɗa ta, amalanken shanu kuma ya zo daga baya. Kafin nan sungumi ne da fartanya da garmar hannu, mu kuma mutanen rairayi da ashasharmu mai dogon ƙota. Sai fararen kajin gidan gona suna kiwo a tsakar gidan sarkin yaƙi, da ragon layya da aka yi wata shida ana ɗura wa dusa, da igiyar roba a wuyan saniya maimakon ta kaba ko ta rama, da baƙar leda maƙale a jikin sabara.

Na taɓa zama a wata rumfa a ranar kasuwa, inda samari suka taru a kan wani fim na sarauta, wani dattijo makiyayi yana gefe yana jiran a gama yi masa cajin waya. Da aka zo wurin da mahara suka afka wa ƙauye, ana ta kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe, sai dattijon ya yi dariya. Abin da ya ba shi dariya shanun ne: suna tsaye suna tuƙa abinsu, ko kunne ba su kaɗa ba, alhali saniyar da ta ji ƙaurin wuta da ihun mutane sai ta tsinke igiya. Ya kuma nuna wa yaran wani gawo a bayan mayaƙan, tsirara babu ganye. Kowa a nan ya san gawo saɓanin sauran itatuwa yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ke nan da damina aka ɗauki fim ɗin, ya tambaye su wane sarki ne zai kwashi manomansa zuwa yaƙi ya bar gero a gona ba a yi maimai ba. Samarin suka ce Baba ya cika tsegumi. Ni dai na ga mutum ɗaya da bai taɓa shiga aji ba ya karanta hoton fiye da wanda ya ɗauke shi.

Kada a ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Wanda ya san Yaƙin Duniya na Biyu ta finafinan Amurka zai rantse sojan Jamus a kan tankoki da motoci suka yi yaƙin duka. Gaskiyar magana ita ce rundunar Hitila ta yi amfani da dawaki sama da miliyan biyu da rabi a tsawon yaƙin, kuma yawancin rundunoninta na ƙasa doki ne ke ja musu igwa da abinci. Tanka ta fi kyau a hoto, shi ya sa aka bar dokin a waje. Iyayenmu da suka je yaƙin Bama su ma da yawansu ba bindiga suka riƙe ba. Dako suka yi a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga, wasu kuma suka yi fama da alfadarai.

Amma akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, kuma mun san su. Kusan babu gidan kallo a ƙasar Hausa da bai nuna fim ɗin Umar Mukhtar ba, wanda Mustapha Akkad ya shirya, ya fito a 1981. Mutane sun fi tuna dattijon da tabaransa da ranar da aka rataye shi a 1931. Ni abin da ya fi zauna mini shi ne yadda fim ɗin ya nuna cewa Janar Graziani bai ci mayaƙan Libiya a fagen daga ba sai da ya raba su da abin da ke ciyar da su: aka kwashe makiyaya daga ƙasarsu aka tsare a sansanoni, aka shimfiɗa waya mai ƙaya a kan iyakar Masar. Tarihi ya tabbatar da cewa tumaki da raƙuman mutanen yankin sun ƙare a waɗannan shekaru, kuma ƙarewarsu ce ta karya gwagwarmayar.

Na biyu ya fi kusa da mu. Sarauniya, fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka gina a kan littafin Abdoulaye Mamani ɗan Nijar, aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Labarin rundunar Faransa ce ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar Hausa a 1899, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Hondo bai ɓoye jelar rundunar ba: 'yan dako da aka kama da ƙarfi, matan da aka kwaso, garuruwan da aka bari suna ci da wuta. Haka abin yake a tarihi. Taron ya yi wa rijiyoyin hanya yawa, neman ruwa da abinci ya riƙa karkatar da shi, kuma duk garin da ya sauka sai ya cinye shi. Ragowar wannan runduna ce ta ci Damagaram a ƙarshen Yulin shekarar, wato maƙwabciyar nan tamu da ta hana kakanninmu barci.

Wani zai ce, to, mene ne abin ɗaga murya a kan jaki da darbejiya, alhali fim nishaɗi ne? Da a ce yaranmu suna da wani wurin da suke samun tarihi, da na yi shiru. Amma an yi shekaru darasin tarihi ba ya cikin manhajar ƙananan makarantu a ƙasar nan, tsofaffin da ke ba da labari da dare suna ta tafiya, waya ta gaje wurinsu. Abin da yaro ya gani a allo shi ne tarihinsa. In aka nuna masa yaƙi a matsayin kilisa da kirari, inda jarumi ke dawowa da rawaninsa ko ƙura bai yi ba, ƙauyen da aka ƙone kuma ba a sake waiwayarsa, to an koya masa cewa yaƙi abin sha'awa ne, kuma talakan ƙauye kayan ado ne a cikinsa.

Ga shi kuwa muna zaune a zamanin da abin ya dawo. A tambayi mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato abin da ake fara ɗauka in an shigo musu: shanun noma, tumaki, sannan a ƙone rumbu, a hana zuwa gona sai an biya. Dubban da suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019 ba sarauta suka rasa ba. Mu a Jigawa Allah Ya yi mana sauƙi, muna kuma roƙon Ya ɗore, amma ko a nan mun san yadda rigimar burtali ko mashaya ke zama zubar da jini a yankunan Guri da Kirikasamma in kaka ta yi. Matar da aka kore wa akuyoyinta uku a bara, ta fi kowane darakta sanin abin da kakarta ta ji a zamanin Tanimu. Fim ɗin da ya san darajar akuyar nan zai yi magana da ita; wanda bai sani ba, da 'yan birni kawai yake magana.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi. Kuɗi babu, masu satar fasaha sun karya kasuwa, dajin da za a shiga ɗaukar hoto ma yanzu sai an yi tunani. Ba kuma zan ce a ƙuntata wa dabba da yunwa don haƙarƙarinta ya fito a hoto ba; wannan zalunci ne, Allah Ya kiyaye. Amma yawancin abin da nake magana a kai ba kuɗi yake ci ba. Juya kyamara daga darbejiya zuwa kuka kyauta ne. Jira a yi girbi kafin a ɗauki fitar yaƙi kyauta ne. Hayar jakai ashirin ba ta kai ta doki biyar masu ado ba. Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, kuma babu irin dabbar da mai fim zai nema ya rasa a cikinta: raƙuma daga Nijar, jajayen rahaji masu dogayen ƙahoni, bunaji, tumakin uda masu rabi baƙi rabi fari, balami, 'yankasa, dogayen awakin sahel, da dawakin ƙauye waɗanda ba su san kwalliya ba. A nan kuma zai sami dillalan da za su gaya masa, daga kallo ɗaya, wace dabba ce ta dace da wace ƙasa. Majalisar Masarautar Gumel tana da masu riƙe da sarautun barga da na yaƙi, waɗanda suka gaji sanin kayan doki. Yadda ake ɗaukar mai kula da sutura da mai kwalliya, haka ya kamata a ɗauki dattijo ɗaya manomi da makiyayi ɗaya, a biya su, a sa sunansu a ƙarshen fim. Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel su ma suna da aikin yi: a tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya zuwa Danzomo da Jeke da Dangwanki, tun masu labarin suna da sauran numfashi.

Su kuma matan ƙauye, waɗanda a fim aikinsu gudu da kururuwa ne kawai, a mayar musu da abin hannunsu. Su ne suka yi surfe da daka da niƙa a kan dutse har aka sami guzurin da mayaƙi ya rataya. Su ne suka kaɗa zaren da aka saƙa rigarsa. In labarin hari ya iso, su ke kora awaki cikin kafi, su san wace ƙwarya ta iri za a binne, wace za a gudu da ita. In an dawo kuma, su ke tantance wanda ya ɓace.

In da ni ne mai kyamara, akwai wurin da zan fara zuwa. Duk wanda ya yi tafiya a ƙasar nan ya san irinsa: ka baro gari, ka yi nisa cikin gonaki, sai ka ga kukoki biyar ko shida sun taru wuri ɗaya, babu gida ko ɗaya a kusa. Ƙasar wurin ta fi ta kewaye duhu, geronta ya fi tsawo, in an yi huɗa garma takan tono katangar tukunya ko guntun dutsen niƙa, wani lokaci a ga ɗan kwari inda bakin rijiya ya rufta. Kufai ke nan. Wasu rijiya ce ta ƙafe musu suka tashi, wasu annoba, wasu kuwa dawaki ne suka zo da asuba. Mai gonar yakan san sunan garin da wanda ya tashe shi, in aka zauna da shi bayan la'asar aka tambaye shi a hankali.